Ƙwallon ƙafa: me ya hana baƙar fata zama a kujerar mai horarwa?

Duk wanda ke bin wasannin ƙwallon ƙafa na Turai, ko a rediyo ko a talabijin, ya san baƙar fata sun cika fili. A Ingila da Faransa da Beljiyam, da wuya babbar ƙungiya ta fito wasa babu ɗan Afirka ko jikan Afirka cikin mutum 11. Su ne ke tsaron baya, su ne ke jefa ƙwallo a raga, sau da yawa kuma su ne ke ɗaure da ƙyallen kaftin a damtse. Amma idan mai kallo ya ɗauke ido daga tsakiyar fili, ya duba gefe inda mai horar da 'yan wasa ke tsaye yana ba da umurni, sai ya ga launi ya sake. A wannan wuri baƙar fata ƙidayayyu ne.

Maganar ba ƙarama ba ce. Mai horarwa shi ke zaɓen wanda zai shiga wasa da wanda zai zauna, shi ke tsara dabara, shi ke magana da sunan ƙungiya gaban 'yan jarida. Ɗan wasa kuwa, idan ya kai shekara 35 ko kusa da haka, ƙafa ta gaji, aikin horarwa shi ne babbar hanyar da ta rage masa cikin sana'ar da ya tashi a ciki. Idan aka rufe masa wannan ƙofa saboda launin fatarsa, an ci moriyar ƙuruciyarsa ke nan, an yar da saninsa.

Abin da ƙididdiga ta nuna

Ƙasar Ingila ce aka fi bin diddigin wannan al'amari, domin haka da ita za mu fara. Akwai ƙungiyoyi 92 na masu cin abinci da ƙwallo, an raba su aji huɗu: 20 a gasar Firimiya, 72 a azuzuwa uku na ƙasa da ita. A shekara ta 2022, wata ƙungiyar 'yan ƙwallo baƙar fata ta fitar da rahoton da masanin tattalin arziki Stefan Szymanski ya rubuta. Rahoton ya nuna cewa a shekara ta 2021, kashi 43 cikin 100 na 'yan wasan Firimiya baƙar fata ne, a sauran azuzuwan kuma kashi 34. Amma cikin masu riƙe da muƙaman horarwa, ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Wannan tazara ba ta jiya ba ce. Tun a 1960 Tony Collins ya karɓi ƙungiyar Rochdale, ya zama baƙar fata na farko da ya horar da wata ƙungiya cikin gasar Ingila. Rochdale ƙaramar ƙungiya ce ta aji na huɗu, duk da haka ya kai ta wasan ƙarshe na kofin Lig a 1962. Sai da aka yi shekara 36 bayan naɗa shi kafin baƙar fata ya riƙi ƙungiya a gasar Firimiya, wato Ruud Gullit ɗan ƙasar Holan, wanda ya karɓi Chelsea a 1996, ya ci mata kofin FA a 1997. Baƙar fata haifaffen Ingila kuwa bai samu wannan matsayi ba sai a 2008, lokacin da Blackburn ta ɗauki Paul Ince.

A Faransa ma an ga waɗanda suka nuna iyawa. Jean Tigana, wanda aka haifa a Bamako, ya ci gasar Faransa da Monaco a 1997, sa'an nan ya haye Ingila ya hau da Fulham zuwa Firimiya a 2001. Frank Rijkaard na Holan ya ci kofin zakarun Turai da Barcelona a 2006. Vincent Kompany, wanda mahaifinsa ɗan Kwango ne, ya ci gasar Jamus da Bayern Munich a 2025. Ashe ke nan tambayar ko baƙar fata zai iya ta daɗe da samun amsa. Abin da ya rage shi ne a san dalilin da ya sa waɗanda ake ba dama ba su da yawa.

Kora ta kowa ce, dawowa ta wasu

Wani zai ce ai aikin horarwa ba shi da tabbas ga kowa, fari ko baƙi. Gaskiya ne. An sallami Gullit a watan Fabrairu 1998 Chelsea tana ta biyu a gasa, shugabannin ƙungiyar suka ce sun saɓa ne a kan albashi. An sallami Chris Hughton daga Newcastle a watan Disamba 2010, 'yan watanni bayan ya dawo da ita Firimiya, tana ta 11 cikin 20. An sallami Antoine Kombouaré daga Paris Saint-Germain a watan Disamba 2011 tana kan gaba a gasar Faransa, domin sababbin masu ƙungiyar suna son babban suna, suka kawo Carlo Ancelotti. Irin wannan ya samu Turawa da yawa su ma, kuma ba daidai ba ne a ɗora kowace kora a kan wariyar launin fata.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne wurin shiga da wurin dawowa. John Barnes, wanda ya yi fice a Liverpool, ya horar da Celtic ta Sikotilan, aka sallame shi a farkon shekara ta 2000 bayan 'yan watanni. Sai da ya jira shekara 8 kafin ya sake samun ƙungiya, ita ce ta ƙasar Jamaika a 2008. A wannan tsakani an ga Turawa da dama da aka kora nan, suka samu aiki can kafin shekara ta zagayo.

Misalin da ya fi jan hankali ya faru a 2018. Tsofaffin 'yan wasan Ingila uku, waɗanda suka yi zamani ɗaya, sun karɓi manyan ƙungiyoyinsu na farko a wannan shekara. Steven Gerrard ya samu Rangers, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyi biyu na Sikotilan. Frank Lampard ya samu Derby County ta aji na biyu, bayan shekara ɗaya ya wuce Chelsea. Sol Campbell, baƙar fata, wanda ya yi ma ƙasarsa wasa 73, ya ci gasar Firimiya sau biyu da Arsenal, shi Macclesfield ya samu, tana can ƙarshen aji na huɗu, wato ta 92 cikin ƙungiyoyi 92. Ya tsamo ta daga faɗuwa a ƙarshen kakar, amma bai samu babbar ƙungiya ba bayan haka. A watan Yuni 2020, ɗan wasa Raheem Sterling ya kawo wannan kwatanci a talabijin, ya tambayi dalilin da ya sa mutanen da suka yi suna tare ba su fara daga mataki ɗaya ba.

Fili a buɗe yake, ofis a rufe

To, mene ne tushen wannan al'amari? A shekarun 1970 da 1980, 'yan wasa baƙar fata sun sha wulaƙanci a filayen Ingila: ana jifar su da ayaba, ana yi musu kukan biri. Sai a 1978 Viv Anderson ya samu shiga babbar ƙungiyar ƙasa. Masu ƙungiyoyi da dama suna ganin baƙar fata ba su jure sanyi, ba su kuma jure wahala. Amma wannan ra'ayi bai daɗe ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗan wasa yana nuna aikinsa minti 90 gaban dubban mutane, kowa ya ga wanda ya fi gudu, kowa ya ƙirga ƙwallon da aka ci.

Shi wannan masani Szymanski ya taɓa yin wani bincike da ya fito a shekara ta 2000, inda ya duba albashi da sakamakon ƙungiyoyin Ingila daga 1978 zuwa 1993. Ya gano cewa idan ƙungiyoyi biyu suna kashe kuɗi daidai wajen albashi, wadda ta fi yawan baƙar fata ita ta fi samun nasara. Ma'anar haka ita ce ana biyan baƙar fata ƙasa da darajarsu, kuma duk ƙungiyar da ta ƙi ɗaukar su kanta ta cuta. Da masu ƙungiyoyi suka ga son zuciya yana jawo musu asara, sai suka bar shi.

Aikin mai horarwa ba haka yake ba. Ba a iya auna shi sai an ba shi ƙungiya, kuma ko an ba shi, nasararsa ta dogara ga kuɗin da aka kashe da 'yan wasan da ya tarar. Wanda ba a taɓa ɗauka ba, babu inda zai nuna abin da ya sani. Ga shi kuma yawancin ƙungiyoyi ba su yin sanarwar neman ma'aikaci kamar yadda ake yi a aikin gwamnati. A kori mutum ran Lahadi, shugaba ya kira abokansa da dillalan 'yan wasa ta waya, kafin Laraba an naɗa wani. A irin wannan gaggawa mutum wanda ya sani yake kira, ko wanda ya yi kama da waɗanda ya saba gani a kujerar. Su kuwa masu ƙungiyoyi da 'yan majalisunsu kusan dukansu farar fata ne. Shi ya sa har yanzu ake tuna Pape Diouf, ɗan Senegal haifaffen Abeshe a ƙasar Cadi, wanda ya shugabanci Olympique de Marseille daga 2005 zuwa 2009: shi ne baƙar fata na farko da ya riƙi babbar ƙungiya ta Turai.

A ƙarƙashin wannan akwai wani tsohon ra'ayi da ya samo asali tun zamanin bauta da mulkin mallaka, cewa baƙar fata na ƙarfi ne, farar fata na tunani. Ba kowa ke faɗar sa da baki ba yanzu, amma ana jin ƙanshinsa idan mai sharhin wasa ya yabi wani da gudu da ƙarfin ƙirji, ya yabi wani da basira da hangen nesa. Wanda aka shekara goma ana yabon ƙafarsa kaɗai, ba shi zai fara zuwa a ran shugaba ba ranar da ake neman mai kai.

Daga nan sai abin ya riƙa ciyar da kansa. Kafin mutum ya horar da ƙungiyar Firimiya, dole ya mallaki babbar takardar shaida ta hukumar ƙwallon Turai, kuma hawa matakanta yana cin shekaru da kuɗi. Matashin da ya ga yayyensa sun yi wannan karatu sun zauna babu aiki, zai iya cewa wahalar banza ce, ya nufi wata sana'a. Sa'an nan masu ƙungiyoyi su ce sun duba ba su ga baƙar fata masu takarda ba.

Dokar Rooney

Maganin da aka fi ambata daga Amurka ya fito, daga wani wasa dabam da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake a hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga da shi. Babbar gasarsu, NFL, tana da ƙungiyoyi 32, kuma mafi yawan 'yan wasanta baƙar fata ne. A farkon 2002 aka sallami masu horarwa baƙar fata biyu, Tony Dungy da Dennis Green, alhali dukansu sun shekara suna cin nasara. Lauyoyi biyu, Johnnie Cochran da Cyrus Mehri, suka fitar da rahoto suka yi barazanar zuwa kotu. A 2003 aka kafa doka mai ɗauke da sunan Dan Rooney, mai ƙungiyar Pittsburgh Steelers: duk ƙungiyar da ke neman babban mai horarwa, dole ta gana da aƙalla mutum ɗaya daga cikin tsiraru kafin ta yanke shawara. Dokar ba ta tilasta a ɗauki kowa ba, ganawar ce kawai ta zama wajibi. A wannan shekarar aka ci shugaban ƙungiyar Detroit tarar dala 200,000 saboda ya ƙetare ta.

Da fari an ga amfani. Daga mutum 2 a 2002, masu horarwa baƙar fata suka kai 7 a 2006. A wasan ƙarshe na watan Fabrairu 2007, ƙungiyoyin biyu duka baƙar fata ke jagorancinsu, Tony Dungy da Lovie Smith. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Adadin ya yi ta hawa da sauka, har a watan Janairu 2022 ya koma mutum ɗaya tak, Mike Tomlin. A watan Fabrairu na wannan shekara wani mai horarwa, Brian Flores, ya kai ƙara kotu, yana zargin an kira shi ganawa ne bayan an riga an ba wani aikin, zargin da ƙungiyar ta musa.

Ingila ta ari wannan dabara. Hukumar ƙwallon ƙasar ta ɗauke ta a 2018 domin ƙungiyoyinta na ƙasa, ƙungiyoyi 72 na ƙananan azuzuwa kuma suka amince da ita a 2019. Sai dai an bar kafa: dokar tana aiki ne idan ƙungiya ta buɗe neman ma'aikaci ta gana da mutane da yawa. Wadda ta kira mutum ɗaya ta naɗa shi, ba ta karya komai ba. Darasin a fili yake: doka tana buɗe ƙofa idan akwai mai tsaron ta da mai hukunta wanda ya zagaye ta.

Mu ma mu dubi gidanmu

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin mu ga laifin Turawa a ƙasashensu, ya kamata mu dubi yadda Afirka ke yi da 'ya'yanta. A gasar kofin duniya ta 2010, wadda aka yi a Afirka ta Kudu, ƙasashen Afirka 6 suka shiga, amma Aljeriya kaɗai ce ta zo da ɗan ƙasa, Rabah Saâdane. Stephen Keshi ɗan Najeriya ya kai Togo kofin duniya na 2006, karo na farko a tarihinta, aka maye gurbinsa da Bajamushe Otto Pfister kafin a tafi. Shu'aibu Amodu ya kai Najeriya kofin duniya na 2010, aka cire shi aka kawo Lars Lagerbäck na Suwidin, wanda bai ci wasa ko ɗaya ba a gasar. A kofin duniya na 2018, cikin masu horarwa 32, Aliou Cissé na Senegal shi kaɗai ne baƙar fata.

Alhali tarihin kofin Afirka yana ba da shaida. Charles Gyamfi ya ci ma Gana kofin sau uku, a 1963 da 1965 da 1982. Hassan Shehata ya ci ma Masar sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Keshi ya ci ma Najeriya a 2013, Djamel Belmadi ya ci ma Aljeriya a 2019, Cissé ya ci ma Senegal a 2022. A 2024 Kodebuwa ta rabu da Bafaranshe Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, ta miƙa ma mataimakinsa Emerse Faé ƙungiyar da kowa ya cire ma rai, shi kuwa ya ɗauki kofin. A kofin duniya na 2022, karo na farko, ƙasashen Afirka 5 duka sun je da 'ya'yansu, kuma a nan ne Maroko ƙarƙashin Walid Regragui ta kai wasan kusa da na ƙarshe, matakin da babu ƙasar Afirka da ta taɓa takawa.

Wannan ba ya nufin a kori baƙo. Clemens Westerhof ya ci ma Najeriya kofin Afirka a 1994, Bruno Metsu ya kai Senegal cikin ƙasashe 8 na ƙarshe a kofin duniya na 2002, Hervé Renard ya ci ma Zambiya a 2012 da Kodebuwa a 2015. Sun yi aiki, sun cancanci yabo. Wanda ya ƙi mutum domin fari ne, ya faɗa cikin laifin da yake kuka da shi. Abin nema shi ne a auna ɗan gida da baƙo da mudu ɗaya.

A nan Nijar muna da abin tunawa. Harouna Doula ne ya kai Mena gasar kofin Afirka karo na farko. A kan hanya ta ci wasanninta uku na gida a Yamai, har da Masar mai riƙe da kofin, da ci 1 da 0 a watan Oktoba 2010, ta kuma wuce gaban Afirka ta Kudu da Saliyo. Hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe shi gwarzon masu horarwa na shekara ta 2011. Da aka je gasar a farkon 2012, Mena ta sha kashi a hannun Gabon a wasan farko, sai aka miƙa ragama ga Bafaranshe Rolland Courbis, wanda aka kawo a matsayin mai ba da shawara. Sauran wasanni biyun, da Tunisiya da Maroko, su ma ba a ci su ba. Kowa yana da ra'ayinsa a kan wannan mataki, amma tambaya ɗaya ta cancanci a yi ta: da baƙo ne ya kai mu gasar, da wasa ɗaya ya isa a karɓe masa ƙungiya?

Abin da ya kamata a yi

Daga abin da ya gabata, hanyar gyara ta fito, kuma ta shafi Landan kamar yadda ta shafi Yamai. Na farko, a fitar da zaɓen mai horarwa daga bayan ƙofa: a yi sanarwa, a rubuta sharuɗɗa tun kafin a ga fuskokin masu nema, a gana da mutane da yawa, a ajiye dalilin zaɓe a rubuce. Na biyu, idan an ɗauki ɗan gida, a ba shi yarjejeniya a rubuce, da wa'adi, da kayan aiki, da albashi a kan lokaci, kamar yadda ake yi ma wanda ya zo da jirgi. Mutumin da aka ba riƙon ƙwarya na wata uku ba za a kwatanta shi da wanda aka ba shekara biyu ba. Na uku, a sa kuɗi a karatun masu horarwa, tun daga malaman wasanni na makarantu da masu kula da ƙungiyoyin unguwa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, har zuwa babbar takardar shaida, domin kada ranar zaɓe a ce babu mai takarda. Na huɗu, a riƙa ƙirgawa ana bayyana ma jama'a, shekara shekara, mutum nawa suka nema, nawa aka gana da su, nawa aka ɗauka. A Ingila ma sai da aka fitar da adadi kafin musu ya ragu.

Su kuma matasanmu da ke wasa a gida da waje, kada su jira ƙafa ta gaji kafin su nemi ilimin sana'arsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sani ba ya isa sai da takarda da horo. Shugabannin ƙungiyoyi da ma'aikatan hukuma da ke da hannu cikin naɗi, amana ce a wuyansu su ba kowane mai nema haƙƙinsa, ko ɗan wane ne, ko wane launi gare shi. Allah ya ba mu ikon yin adalci, ya ɗaukaka wasanni a ƙasarmu da Afirka baki ɗaya.